Yadda za ka riƙe aikinka da gaskiya ba tare da ya haɗiye ka ba

Akwai wani dattijo da na sani a Birnin Kebbi, ba zan kama sunansa ba. Shekara 35 ya yi yana aikin gwamnati, shi ke fara isa ofis, shi ke kashe fitila. Da ya yi ritaya, kusan wata uku yana shiryawa da safe, ya kafa hula, ya hau babur, ya je bakin ma'aikatar ya zauna a bencin mai shayi. Satin farko kowa sai ya tsaya ya rusuna: "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?" Kafin wata na biyu ya ƙare, gaisuwar ta koma ɗaga hannu daga nesa. Masinjan da ya shekara goma yana karɓar masa jaka, yanzu jakar wani yake ɗauka. Ba butulci ya yi ba, aikinsa ke nan.

Tun da na ba da labarin nan masu karatu suke ta tambayata abu ɗaya: to yaya mutum zai yi kada ya kai nan? Malaman makaranta sun tambaya, da ma'aikatan jinya, da na banki, da masu aikin kwantiragi a ƙungiyoyin agaji. Ba lalaci nake koyarwa ba. Albashi haƙƙi ne, wanda ya karɓa bai yi aikin ba zai yi bayani a gaban Allah. Maganata a kan wanda ya ɗauki kujerar aro ya mai da ita ransa ce, alhali zanen aro ba ya rufe katara.

Kayan aikin ba su da yawa: littafin rubutu irin na 'yan makaranta, biro, fayil na roba, da haƙurin wata shida. A bi matakan a jere. Wanda ya fara da na huɗu bai yi na biyu ba yana iya tsokano rigimar da bai shirya mata ba.

1. Auna kanka na sati biyu

Kowane dare kafin ka kwanta, rubuta abu biyar: ƙarfe nawa ka fita, ƙarfe nawa ka dawo, kiran aiki nawa ka amsa bayan magariba, nawa ka kashe wa ofis daga aljihunka, da abin da ka fasa saboda aiki, ko suna ne, ko jana'iza, ko kai yaro asibiti.

Rana ta 14 ka haɗa awoyin. Daga ƙarfe 8 zuwa 4, Litinin zuwa Juma'a, awa 40 ke nan. Mai fita ƙarfe 7 ya dawo ƙarfe 6 ya kai awa 55 tun kafin a lissafa Asabar. Wannan adadin ba ni na ƙirƙiro shi ba. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike cewa mai aikin awa 55 ko fiye a sati, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin 100, na mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17, idan aka gwada shi da mai yin awa 35 zuwa 40.

Sai dai awoyi ba su ne komai ba. Akwai mai tashi ƙarfe 4 daidai amma ofis ɗin yana bin sa har kan tabarmar cin tuwo. Don haka ka duba waɗannan ma: in oga ya gyara maka aiki, kana iya cin abincin dare? In aka yabi wani a taro, ƙirjinka yana zafi? In aka tambaye ka ko kai wane ne, kana da amsar da ba sunan muƙami ba?

Hattara: kada ka yi awon a lokacin jarrabawa, ko haɗa kasafin kuɗi, ko makon allurar riga-kafi. Lokacin kowa a guje yake, awon zai yi maka ƙarya. Littafin kuma ya zauna a gida, ba na ofis ba ne.

2. Kwaso takardunka, ka karanta su

Nan ni kaina na ƙone. A wani wuri da na taɓa aiki, takardun makarantata na asali da takardar ɗaukata aiki duk a durowar teburina suke, don a ganina can ya fi gida tsaro. Na tafi hutun kwana huɗu, na dawo na tarar an yi sauye-sauye, an ba wani ɗakin, an canja kwaɗo. Sati uku ina zarya kafin a samu mai makulli da mai ba da izini a rana ɗaya. Ranar na gane cewa ɗakin da nake ce wa nawa, ko ƙusa ban mallaka a ciki ba.

Abin da za ka tattara: takardar ɗaukar aiki, ta kama aiki, ta tabbatar da kai, duk takardun ƙarin girma da na canjin wuri, takardun albashi na aƙalla wata shida na baya, shaidar kwasa-kwasan da ka yi, da lambar asusun fanshonka. Ka yi fotokwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan'uwan da ka yarda da shi. Sannan ka ɗauki hotonsu da waya ka tura wa imel ɗinka na kanka, ba na ofis ba.

Daga nan ka zauna ka karanta. Mutane da yawa sun shekara goma suna ba da ransu ga aikin da ba su taɓa karanta sharuɗɗansa ba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ce a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. Ta kuma yanka wa'adin sanarwar sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, sati ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, sati biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Ka lura da kyau: ko shekara 20 ka yi, wata ɗaya ne. Wannan dokar ta fi shafar masu aikin hannu da ƙananan ma'aikatan ofis. Manya da ƙwararru abin da ke cikin kwantiraginsu ke aiki a kansu, ma'aikatan gwamnati kuma dokokin aikin gwamnati.

Hattara: takardunka kaɗai za ka ɗauka. Takardar ofis, ko da kai ka rubuta ta, fitar da ita laifi ne da zai iya cin aikinka. Kuma tun kana kan kujera ka duba ko ranar haihuwarka da jerin sunayenka sun yi daidai a fayil, da NIN, da BVN. Bambancin harafi ɗaya kan riƙe fanshon mutum wata da watanni, kuma gyaransa ya fi sauƙi lokacin da ake amsa maka gaisuwa da sauri.

3. Raba aljihunka da na ofis

Malamar da ke sayen alli da kuɗinta, direban da ke zuba mai a motar ofis ana ce masa za a biya, sakataren da datarsa ce ke tura saƙonnin ma'aikata duka: kowannensu yana ganin kirki yake yi. Kirki ne. Amma duk nairar da ka zuba tana ƙara ɗaure ka, har ka fara jin wurin yana da bashin godiya a kansa. Ranar da godiyar ba ta zo ba, sai baƙin ciki.

Daga yau, duk abin da za ka saya wa ofis, a amince a rubuce tukuna, ko da saƙon waya ne, ka kuma karɓi rasit. In zuciyarka ba za ta iya ganin yara ba alli ba, to yanka adadi a wata, ka sa masa suna sadaka, ka nemi ladanka wurin Allah, kada ka sa ran shugaban makaranta zai tuna. Ka sayi layin waya na biyu don aiki kawai, wanda za ka iya kashewa.

Gargaɗi mai ƙarfi: kada kuɗin ofis su shiga asusunka na banki, ko da oga ne ya ce "a ajiye na kwana biyu". Kada ka ci bashi da sunanka don biyan buƙatar ma'aikata, kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba saboda kunya. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo, sunan da ke kan takarda suke nema, ba wanda ya ba da umarni da baki ba.

4. Yanka wa aiki lokaci, a hankali

Kuskuren da aka fi yi shi ne juyin dare ɗaya. Mutumin da ya saba tashi bayan isha'i, ran Litinin ƙarfe 4 ya kulle ɗaki ya kashe waya. Oga zai ɗauka fushi ne ko raini, kuma ba za ka ga laifinsa ba, kai ka saba masa.

Rage rabin awa kowane sati har ka kai lokacin tashi na ƙa'ida. Kafin ka fara, ka samu oga shi kaɗai, ba gaban mutane ba, kuma ba ranar da ransa ke ɓace ba. Kada ka kai ƙorafi, ka kai tsari. Misali: "Yallabai, akwai wata lalura ta gida da nake so in riƙa samu bayan la'asar. Duk abin da ake buƙata gobe, in aka ba ni kafin azahar zan gama shi kafin in tashi, in sha Allah." In ya ɗora maka aiki na uku alhali biyu na hannunka, kada ka ce a'a, ka ce: "Yallabai, wanne zan fara da shi, wannan ko na jiya?" Ka mai da masa zaɓin cikin ladabi.

Zauren WhatsApp na ofis kuma a rufe masa baki daga magariba. Abin gaggawa na gaske kira ake yi, ba a tura shi cikin zaure tsakanin hotunan barka da Juma'a.

Hattara: ma'aikatan lafiya da jami'an tsaro da ke kan jiran kira, ba da ku ake kashe waya ba. Naku gyaran shi ne jadawali ya fito a rubuce, ranar da ba taka ba ta zama ba taka ba da gaske.

5. Koya wa wani, sannan ka tafi hutu

Wannan shi ne mataki mafi ɗaci, don a nan ciwon yake. Mai irin wannan hali yakan ce ba ya tafiya hutu saboda in ba shi komai zai tsaya. A ƙarƙashin maganar akwai tsoron da ba ya faɗa: kada ya tafi a gano cewa komai bai tsaya ba. Shi ya sa yake riƙe makulli, ya ɓoye lambar sirrin kwamfuta, ya ƙi nuna wa na ƙasa yadda ake haɗa rahoto. Irin wannan kuma shi ake bari a kujera ɗaya shekara da shekaru, don wa zai ɗaga wanda ba shi da magaji?

Zaɓi mutum ɗaya, ka ba shi wata guda yana yi kana kallo. Zai yi kuskure, ka danne hannunka kada ka karɓe. Rubuta takardar miƙa aiki shafi ɗaya ko biyu: abin da ke kan hanya, wanda za a kira, inda fayil yake. Sannan ka nemi hutunka na shekara. A aikin gwamnatin tarayya, daga matakin albashi na 7 zuwa sama kwana 30 ne. Dokar Ƙwadago kuma mafi ƙarancin da ta yarda da shi kwana shida na aiki ne da cikakken albashi, bayan wata 12 a jere.

Kwana uku na farko za ka ji kamar an cire maka haƙori, hannunka na ta kai wa waya. Kada ka leƙa ofis "don gaisawa kawai".

Hattara: kada ka tafi sai takardar amincewa ta shigo hannunka da sa hannu da kwanan wata. "Je ka, ba komai" na baki ya sha zama takardar tuhuma.

6. Tara kuɗin tsayawa da ƙafarka

Rabin abin da muke kira son aiki tsoro ne. Wanda ba shi da abincin wata ɗaya a ajiye dole ya ga oga kamar shi ke riƙe da numfashinsa. Mutanen Gusau sun ga yadda masaƙar garin, wadda ta ciyar da gidaje masu yawa, ta rufe ƙofa. Wurin aiki ma yana mutuwa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ake nema shi ne kuɗin cefane, haya da makaranta na wata uku, daga baya shida. Mai ɗaukar naira 100,000 da ke cire 10,000 ranar da albashi ya shigo, a shekara yana da 120,000. Na san da tsadar yau wannan magana tana da nauyi, balle ga mai mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. To a fara da 3,000. Sharaɗin shi ne a cire ranar farko, a kai wani asusu da ba ka yawo da katinsa. Wani ya fi gane wa ajiyar hatsi lokacin kaka ko tunkiya, shi ma ajiya ce.

In kana cikin tsarin fansho na karo-karo, dokar 2014 ta ce ana cire maka aƙalla kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke ka aiki ya ƙara kashi 10. Nemi bayanin asusunka daga kamfanin fanshonka duk bayan wata uku ka ga ko kuɗin na shiga da gaske. Wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya neman kashi 25 na abin da ke ciki. Ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma ya je ofishin fanshonsu da ƙafarsa ya tambayi tsarin da yake ciki da takardun da za a nema.

Hattara: adashin da duk 'yan ofis ɗinku ne a ciki, ranar da albashi ya makara gaba ɗayanku kuka makara. Kuma ka guji bashin da ake cirewa daga albashi har ya cinye fiye da sulusinsa, shi ne igiyar da ta fi kowace ɗaure mutum a wurin da ya gaji da shi.

7. Kafa ƙafa ta biyu

Ga ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci, kundin tsarin mulki na 1999, a ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana shi gudanar da kasuwanci na kansa, amma ya bar masa noma. Mu a Kebbi wannan ba ƙaramar ƙofa ba ce: ga shinkafa a fadamun Argungu da Suru, ga albasa a Aliero, ga kiwon raguna don layya wanda ko a bayan gida ana yi. Mai aikin kamfani ya duba kwantiraginsa ya ga abin da aka hana shi.

Fara da ƙarami, abin da in ambaliya ta cinye ba za ka kwanta asibiti ba, kuma a wurin da kake iya zuwa lafiya ka dawo lafiya. Amfaninsa ba kuɗi kaɗai ba ne. Ranar da aka ɓata maka rai a ofis, akwai inda za ka je ka ga abin da hannunka ya shuka yana tsiro.

Hattara: kada ka jira giratuti ka fara koyon noma da ita kana da shekara 60. Kuɗi mai yawa a hannun sabon shiga, 'yan damfara da 'yan "kawo a juya maka" sun fi kowa jin ƙanshinsa.

8. Koma gida, ka duba jikinka

Lokacin da ka ƙwato daga ofis, in ba ka ba shi wurin zuwa ba, ofis zai koma. Ka sa masa suna: ran Talata karatu tsakanin magariba da isha'i, Asabar gaida iyaye, sau uku a sati cin abinci da yara ba waya a hannu. Ka nemi majalisa ɗaya da ba kowa daga wurin aikinku, inda ake kiranka da sunanka ko na ɗanka, ba darakta ko hedimasta ba. Salmanul Farisi ya gaya wa Abu Darda'i cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, ka ba kowa nasa, kuma Annabi (SAW) ya gaskata shi. Wannan fa a kan yawan ibada aka faɗa, balle fayil.

Kada ka yi mamaki in gida ba su yi murna nan take ba. Wani abokina ya fara dawowa da wuri, uwargida ta dube shi ta ce: "Malam, lafiya dai? Ko korarka aka yi?" Sun shekara suna tsara rayuwarsu ba da kai ba, sai ka shiga da lallami, ba da sababbin dokoki ba. Mata ma'aikata kuma, tashi da wuri daga ofis a faɗa wani aikin a kicin ba hutu ba ne, a zauna da maigida a raba nauyin.

Ka auna hawan jininka ko da a kemis ne. In ya kai 140 bisa 90 ko fiye a awo biyu ko uku na ranaku daban-daban, ka ga likita. Rashin barci, faɗuwar gaba in ka tuna Litinin, ko ɗaukewar sha'awar komai da ya wuce sati biyu, su ma na asibiti ne. A Birnin Kebbi akwai asibitin Sir Yahaya, a Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato. Zuwa can ba hauka ba ne.

Hattara: kada ka sayi maganin barci ko na ƙarin kuzari da kanka don ka iya jure aikin.

9. Ranar da takarda ta zo

Ko canjin wuri ce, ko an tsallake ka a ƙarin girma, ko tuhuma, ko sallama. Ka karɓa, ka sa hannu cewa ka karɓa tare da kwanan wata, ka riƙe kwafinka. Ranar kada ka rubuta amsa, kada ka rubuta takardar ajiye aiki, kada ka hau Facebook. Ka kwana a kanta. Takardar tuhuma takan zo da wa'adi, sau da yawa gajere, don haka washegari ka zauna da wakilin ƙungiyarku ta ƙwadago ko wani tsohon ma'aikaci da ya san dokoki, ku amsa abin da aka tambaya kaɗai, ba tarihin wahalar da ka sha wa ma'aikata ba. In kana ganin an take maka haƙƙi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin wannan shari'a, kuma lauya zai fara tambayarka fayil ɗin nan na mataki na biyu.

In tafiya ce ta tabbata, miƙa makulli, kwamfuta, katin shaida da duk kayan ofis a rubuce, wanda ya karɓa ya sa hannu, a ba ka takardar shaidar ba a bin ka komai. Ka bi ɗaki-ɗaki ka yi sallama, har da masinja da maigadi, ka nemi gafara. Sannan ka fita daga zauren WhatsApp da kanka a ranar, kafin wani yaro da ka koya wa aiki ya rasa yadda zai yi ya cire ka.